Goron Sulhun da Muka Kai Paris

Lallen hannunta na fara gani, kuma ko duniya za ta shafe mini komai ba na jin za ta shafe mini wannan. Tsohuwa ce maƙwabciyarmu a Rillieux-la-Pape, kusa da birnin Lyon, 'yar Damagaram kamar ni, tana zaune wurin ɗanta. Duk benen Inna muke ce mata. Tunda na san ta ban taɓa ganin ta da ƙunshi ba, sai ranar da ta ƙwanƙwasa ƙofata, tafin hannunta ya yi ja har ya koma baƙi.

Ni kuwa a lokacin littattafan soyayya sun cika mini kai, duk abin da na gani sai na ɗaura masa aure. Na ce, "Inna, wane tsohon ne ya yi sa'a?"

Ta yi dariya ta ce, "Ja'ira! Gwamnati ce ta kira ni. Gobe za ki raka ni Paris ki yi mini tafinta. Za a roƙe ni gafara."

Ɗanta ne ya yi mini bayani. Wani kwamitin 'yan majalisa yana sauraron waɗanda aikin tilas na zamanin mulkin mallaka ya taɓa iyayensu, ƙungiyar 'yan ƙasarmu kuma ta ba da sunan Inna. Tana goye aka zo garinsu aka ɗaure ubanta da igiya tare da wasu maza, aka tafi da su gina hanya. Bai dawo ba, ba a kuma aiko da labarin kabarinsa ba. Uwarta kafin ta rasu ta bar mata wasiyya: in sun zo sun nemi gafara, ki yafe a madadina, kada mu tashi gaban Allah da wannan kaya. Ɗan ya ce shi ba zai je ba, don zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

A cikin jirgin ƙasa daga Lyon ta nuna mini wani ƙulli a jakarta, fararen goro ne cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Ta ce in an gama sulhu ai sai an raba goro. Ina kallon gonaki suna wucewa ina tsara yadda abin zai kasance. A raina har na ga Bature mai furfura ya taso idonsa da hawaye, ya durƙusa ya riƙe hannun nan mai lalle. A littattafan da na sani haka mai laifi yake yi a babin ƙarshe, kuma ban taɓa karanta wanda aka rufe ba a yafe ba.

Ɗakin da aka kai mu ba shi da girma. Dogon teburi ne da kwalaben ruwa, 'yan majalisa a gefe guda, mu a gefe guda. Inna ta gaishe su gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali da gajiya, na fassara duka. Sannan ta ba da labarinta a hankali, ba kuka, ba ɗaga murya. Ta ce abin da ta gada daga ubanta shi ne kwatance: an ce yana da wushirya irin tata.

Shugaban zaman mutum ne mai ladabi, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya cire tabarau, ya ce labarin ya taɓa shi, ya ce zamani ne mai ciwo, kuma suna baƙin cikin abin da ya faru. Na juya na ce, "Inna, ya ce abin ya yi musu zafi, ki yi haƙuri."

Ta dube ni ta ce, "Wane haƙurin, ɗiyata? Na wanda ya taka ki, ko na wanda ya zo miki ta'aziyya?"

Ni kaina ban sani ba. Sai na juya na tambayi shugaban ko gafara yake nema. Ya dubi na kusa da shi, sannan ya ce ba shi da ikon yin wannan magana da sunan ƙasa. Aikinsu su saurara su kai rahoto.

Na faɗa mata kamar yadda ya faɗa. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ki ce masa wanda ya zo da igiya bai ce ba shi da iko ba. Da sunan gwamnati ya zo. Ashe tana da mai ɗaurewa da sunanta, ba ta da mai tuba da sunanta?"

Na fassara. Matar da ke rubuta bayanan zaman ta sunkuyar da kai. Aka yi mana godiya, aka kira na gaba.

A hanyar komawa ni ce na yi ta kuka, ita ke lallashina. Na ce, "Inna, to ki yafe kawai ki huta mana." Ta ce, "Uwata cewa ta yi in sun nema. Ba kayana ba ne ni kaɗai da zan zubar a hanya." Goron bai fito daga jaka ba.

Tun daga ranar na gane cewa jin tausayin mutum daban, amsa laifi a gabansa daban, kuma hukumar da ke da hannun aikatawa ya kamata ta kasance da bakin amsawa. Ban daina karanta littattafaina ba, sai dai na daina yarda cewa kowane labari yana da babin ƙarshe.

Bayan wasu shekaru Inna ta koma Damagaram, can ta rasu. Ɗanta ya ce mini da jikin ya yi nauyi ta tara kowa ta nemi gafara, ta ce ita ma ta yafe wa kowa. Sai ya sunkuya ya tambaye ta, "Har da su?"

Ta ce, "Nasu yana nan a ajiye. Na bar maka, in sun zo ka ba su."