Ranar da Kawu Ya Ɓace Mini a Japan

Ana sallame sallar asuba muka bar Tambuwal, ƙasa na ƙamshin ruwan da aka yi jiya. Mu shida ne aka zaɓa mu je Japan ganin yadda suke noman shinkafa. Ni malamin gona ne, sauran manoma, cikinsu har da kawuna na ƙauyen Fakku, tsohon da ya haura saba'in bai taɓa wuce Sakkwato ba. Matarsa ta biyo mu har bakin mota, ta ce da ni, "Ɗana, amana ce. Ko kasuwar Dogon Daji ɓacewa shikai. Kak ka saki hannunshi."

Daga Sakkwato muka yi Abuja, daga can jirgi ya yi ta keta gajimare har na daina sanin dare ne ko rana. Mun sauka cikin wani zafi mai danshi, irin wanda riga ke manne wa baya. Titunansu ko tsinke babu. Shinkafarsu ba gishiri ba mai, kifin kuma wani lokaci ɗanye ake kawo shi, Kawu ya ce a mayar a ƙarasa aikin. Da ya ji kuɗin kankana ɗaya, sai da ya koma ya sake leƙa ta.

Rigimarmu ta farko a kan alƙibla ce. Wayata ta nuna yamma, Kawu ya ce atafau. "Tun ina yaro gabas nika kallo. Wayar ga ce ta ruɗe." Yakan bi mu jam'i, amma yana gunaguni.

Ana jibi za mu dawo, masu masaukinmu suka kai mu wani birni na bakin kogi da ke bikin rawar da suke yi duk shekara. Tafinta ya ce asalinta tunawa da iyayen da suka rasu ne. Da la'asar sakaliya aka rufe tituna, aka kunna fitilun takarda, ja da fari, jere har inda ido ya tsaya. Ganguna na dukan ƙirji, sarewa na kuka siririya, ga wani ɗan ƙarfe mai amo irin na kuge. Mata suka taho sahu-sahu a kan takalman katako, sun ɗaga hannuwa sama, hulunansu kamar faifan da aka naɗe biyu sun rufe fuska. Maza na biye a duƙe da mafitai. Ban san sa'ad da na daina jin ƙafafuna ba. Gani nake kamar titin ne ke tafiya, mu muna tsaye a mafarki.

A cikin mafarkin nan na saki hannun Kawu.

Da na waiga babu shi. Ba ya da waya, fasfonsa na aljihuna, ba ya jin ko kalma ɗaya ta kowa a garin. Tsoro ya kama ni sosai. Na yi ta kutsawa ina kiran "Kawu!" ganguna na haɗiye muryata. Malfa ya sa, amma ina amfanin malfa a garin da kowa ya ɗora kaba a ka?

Sai na ga rana ta faɗa bayan dutse. Kawu ba ya wasa da magariba, kuma zai nemi ruwa. Na gangara bakin kogi ina duba wanda ya juya wa jama'a baya ya kalli gabas, don na san taurin kansa. Na bi gaɓar nan sau biyu, babu. Na fara tunanin abin da zan gaya wa matarsa.

Malfar na fara gani, ajiye a ƙasa gabansa. Yana zaune a kan mayafinsa yana tahiya, ya fuskanci yamma sak. Wata tsohuwa 'yar garin na tsaye gefe, tana kare mutane kada su taka shi, tana yi masa fifita. Da ya sallame na durƙusa, hawaye na zubo mini.

"Kai, mi ya faru?" ya ce. "Ni ban ɓace ba. Da na rasa ka, sai na ce ina Fakku take? Na tuna ta inda munka fito, wajen faɗuwar rana. Ashe nan in ka kalli Makka, gida ka kalla."

Tsohuwar ta rusuna, Kawu ya dafa ƙirji, ta shige cikin fitilu ba mu san ko sunanta ba.

Mun dawo mun tarar gero ya fitar da kai. Na damƙa wa matar Kawu amanarta, ban gaya mata ya ɓace mini ba, shi ma bai tona ni ba. Na je koyon shinkafa, na kuwa koya, amma abin da ya fi zauna mini shi ne mai hana a taka mai sallah ba sai ya san sallah ba.

Da magariba muka yi jam'i a masallacin ƙofar gidansa, muka fuskanci gabas kamar kullum. Bayan addu'a ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya taɓa ni ya ce a hankali, "Yanzu tsohuwar ga mai fifita tana can gabanmu, bayan Makka. Na sa ta cikin addu'a."