Faifan Goggo a Gaban Rana

Goggona, ƙanwar babanmu da ke aure a Fagam, ita ta koya mini kallon faifai. Duk hutu ana kai ni wurinta daga Birnin Kudu, in zauna kusa da ita tana saƙa, kaba jiƙe a kwano, basilla a hannu. In ta gama sai ta ɗaga faifan sama ta saita shi da rana.

"Duba nan, 'yar nan. In kika ga haske na leƙowa, to gari ma zai zube."

Ni kuwa launi ne ya fi ɗaukar hankalina. Goggo ba ta tsoron rini. Ja, kore, shuɗi, duk sai ta zuba su wuri ɗaya, har babanmu kan ce faifanta na sa shi ciwon kai. Ni dai ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba.

Bayan na fara koyarwa a Gwaram, matan gari suka shirya nunin sana'ar hannu a filin makarantarmu, aka ce ni zan zaɓi faifan da ya fi. Tun daga nesa na gane na Goggo a cikinsu. Ga ta can kan tabarma, ta harɗe hannu tana kallona.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗagawa. Da na ɗaga nata sai rana ta leƙo ta wuri uku. A ranar na san idonta ya fara rauni. Kusa da shi akwai wani fari fat, baƙin zare ɗaya kawai a bakinsa, na wata amarya daga ƙauye. Wallahi bai burge ni ba, kamar tuwo ba miya. Amma na juya shi ta ko'ina, ko ɗigon haske babu.

Na daɗe a tsaye. Ina tsoron Goggo ta daina yi mini magana, don akwai ta da riƙo. Daga ƙarshe na ɗaga farin, na ce shi ne ya fi.

Da aka watse Goggo ta taso, ta karɓi faifan amaryar, ta saita shi da rana, ta jima tana juyawa.

"Mummuna ne," in ji ta. "Amma hannun yarinyar nan ya iya." Sai ta harare ni. "To Malama, wanne za ki kai ɗakinki?"

"Naki, Goggo."

"Mai huji uku?"

Ashe ta sani. Na ce ko goma ne. Ta yi tsaki, ta dungure mini kai a gaban ɗalibaina, ta tura mini faifan nata cikin jaka.

Har yau shi nake rufe furata da shi. Ƙuda bai taɓa gano hujin ba.