Mama Ya Ce A Rufe

Shekara goma sha biyu ke nan cur da muka binne yayana Ishaku a Kafanchan. A duk shekarun nan ban taɓa rubuta masa ko layi ɗaya ba, duk da cewa na iya rubutu tun kafin ya rasu. Da jikoki biyu a hannu na shiga ajin yaƙi da jahilci na cocinmu. Abin da ya hana ni rubuta masa shi ne fushi, kuma ba zan ɓoye ba.

Yaya Ishaku mai fenti ne, yana rubuta allunan shaguna da bayan motoci kusa da tashar jirgin ƙasa. In aiki ya yi sauƙi sai ya zauna ya zana fuskokin mutane a guntun farin kwali da bai fi gidan ashana girma ba, da burushin da ya haɗa da gashin jelar akuya. Mahaifiyarmu ba ta taɓa yarda ta tsaya gaban mai hoto ba, amma shi ta zauna masa. Wannan ɗan kwalin shi kaɗai ne kamanninta da suka rage a duniya.

Mama 'yar manoma ce daga wajen Manchok, kuma tana da tsagar gidansu a fuska: uku a kuncin dama, huɗu a na hagu, domin ta motsa a hannun mai askar tana jaririya. A hoton da Yaya ya zana babu ko ɗaya. Kunci sumul. Ranar da na gani, bayan rasuwarta, na same shi a shago na ce, "Kunyar uwarka kake ji? Ka mayar da ita wata mata daban." Ya ce, "Ladi, zauna in gaya miki." Ban zauna ba. Sau uku ya sake tayar da maganar a shekarun da suka biyo baya, sau uku ina tashi in bar masa wurin. Muna gaisawa, muna cin Kirsimeti tare, amma maganar tana nan tsakaninmu har ya tafi.

Bara na ɗauko hoton da reza a hannuna. Na lura fentin kuncin ya fi na goshi kauri, na yi niyyar kankarewa in ga abin da ke ƙasa. 'Yarsa Rahila, wadda ke koyar da kimiyya a jami'a, ta zo gaishe ni ta tarar da ni haka.

"Goggo, in kika kankare, kin rasa na sama, na ƙasan ma ba lalle ya tsira ba."

Na ce, "To in zauna da tambayar har in bi ubanki?"

Ta ce akwai kyamara a wurin aikinsu da ke amfani da wani haske wanda ido ba ya gani. Hasken yana ratsa fenti ya nuna zanen fensir da ke ƙarƙashi, ba a taɓa hoton ko da tsinke. Na ce ban yarda ba sai na gani da idona, kuma hoton ba zai shiga mota ba sai da ni. Na ƙulle shi a bakin zane muka tafi.

Aka ɗora shi a tebur. Ba a jiƙa shi ba, ba a goge shi ba. Sai ga fuskar Mama a allon kwamfuta, baƙi da fari, ta cika allon. Uku a dama. Huɗu a hagu, ta huɗun a karkace yadda take. Yaya ya zana kowace tsaga da fensir kafin ya shafa fenti a kai. A ƙasa, inda shuɗin rigarta ya rufe, akwai ƙananan haruffa. Rahila ta buɗe baki za ta karanta, na ce ta yi shiru, ba don ado na je makaranta ba. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya: "Mama ya ce a rufe."

Rahila ta ce, "Baba da duk iya Hausarsa ya rubuta 'ya ce' maimakon 'ta ce'?"

Dariya ta kama ni, hawaye na zuba. Ba kuskure ba ne. Mama a kasuwa ta koyi Hausa, kowa a wurinta "ya" ne, mace da namiji da kaza. Mu kuwa haka muke tsokanarta a gida: Mama ya dawo, Mama ya yi fushi. Da muryar gidanmu ya rubuta, a lokacin da ni ko sunana ban iya karantawa ba.

Ban san dalilin da ya sa ta ce a rufe ba. Wataƙila ta gaji da kallon da ake mata a gari, wataƙila so ta yi ta ga fuskarta sau ɗaya yadda take kafin aska. Na'urar ba ta faɗa ba, wanda ya sani kuma na hana shi magana. Da yana raye, na san zai ƙyale ni da fushina ya tsare Rahila da tambaya kan kyamarar, ya kwaso sauran kwalayensa a duba masa.

Rahila ta buga mini hoton na ƙasa a takarda. Yanzu su biyun suna jere a bangon ɗakina, wanda Mama ta nema da wanda ɗanta ya ƙi mantawa. Jikokina sun iya ƙirga tsagar, sun san wadda ta karkace. Yaya, na zauna. Na makara, amma na ji.