Ɗalibin da Ba Ya Ganin Ja da Kore

'Yan ajinsu ne suka laƙaba masa Baƙi-da-Fari, don da fensir da gawayi kawai yake son yin zane. Su a tsammaninsu salo ne. Ba su san cewa tun yana yaro ja da kore da ruwan ƙasa kusan abu ɗaya ne a idonsa ba.

Mahaifiyarsa kaɗai ta sani. Ita ke rubuta masa sunan kowane launi a gindin kwalaben fentinsa kafin ya koma makaranta. Mahaifinsa kuwa mai zanen allunan shaguna ne, kuma duk wanda ya shigo wurinsa sai ya sha labarin cewa ɗansa zai karanto zanen talla a jami'a, ya zo ya gaje shi.

A ƙarshen shekarar farko aka raba musu fom, kowa ya zaɓi fanni: zanen talla, zanen yadi, ko ƙirar kayan ɗaki. Biyun farko ba sa yiwuwa sai da launi. Kwana tara fom ɗin yana jakarsa bai cike ba. Daga ƙarshe ya cike zanen talla, saboda Baba.

Ranar tantancewa malamar sashen ta hana kowa buɗe kayansa. Ta zuba wa kowa fenti a faranti, babu suna, ta ajiye ganye ɗaya a tebur.

"Ku zana mini shi yadda yake."

Ya ƙura wa farantin ido. Ya yi bismilla, ya tsoma buroshi a wanda ya fi kama da ganyen. Bai kai rabi ba na kusa da shi ya ƙyalƙyale da dariya.

"Baƙi-da-Fari, naka ganyen yanka shi aka yi, ya yi ja haka?"

"Biyo ni ofis," in ji malamar.

Ya bi ta, ya riga ya sallama korarsa za a yi. Ta buɗe wani littafi mai ɗige-ɗige na gwajin ganin launi.

"Wace lamba ka gani?"

"Babu lamba, Malama."

Ta rufe littafin. "Me ya hana ka faɗa? Kujerar da ka zana a zangon farko, ba wanda ya kamo ka a ajin nan." Ta miƙa masa sabon fom, ta nuna masa gurbin ƙirar kayan ɗaki.

Faɗa wa Baba ya fi komai wuya. Ya same shi da safe a shago, a tsugunne gaban wani allo. Ya faɗa masa cewa idonsa ba ya bambanta ja da kore, kuma yana so ya koma ƙirar kayan ɗaki.

Baba ya daɗe yana wanke buroshi a gwangwanin kananzir.

"Allon telan nan da ka ɓata kana ɗan shekara goma, har na zane ka, ashe ba ganganci ba ne?"

"A'a, Baba."

Tsohon ya kawar da kai. "Je ka cike abin da idonka yake gani."

Yau tebura da kujerun 'yan makaranta yake ƙerawa, kuma ana yabon aikinsa. Amma har yanzu in mai sayen kaya ya ce, "Wace kala kake ganin za ta dace?" sai ya yi sauri ya kira abokin aikinsa.