Hutun da Na Yi Ina Juya wa Dokin Baba Baya

Shekarun baya, ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, mahaifina ya faɗi a gonar citta. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne. Ya rayu, amma hannun dama da ƙafar dama sun daina jin maganarsa, bakinsa kuma ya koma fitar da kalma ɗaya ɗaya, ita ma da ƙyar.

Baba tsohon ɗan sanda ne, cikin masu hawan doki a Kaduna. Da ya yi ritaya ya dawo ƙauyenmu da ke hanyar Zangon Kataf, sai ya taho da wani jan doki. Mutane suka ce ƙudan tsando ba ya barin doki a ƙasarmu, ya ce ya san allurar. Shekara huɗu dokin nan bai san hannun kowa ba sai nasa.

Wata uku Baba yana kwance, dokin yana ɗaure a turke. Mama daga nesa take jefa masa ciyawa. Wani maƙwabcinmu, dattijo a ikilisiyarmu, ya ce bari ya taimaka, ya shiga wajensa da bulala. Harbi ɗaya dokin ya yi masa, hannu ya karye. Daga ranar duk wanda ya matso sai ya kai masa cizo.

Ranar da na iso gida dogon hutu, yayana ya bugo waya daga Abuja. Ya ce ya samu masu sayen dawaki suna kaiwa kudu a yanka, za su zo da mota. Baba yana zaune kusa, ya ji komai. Ya dinga dukan hannun kujera da hagunsa, bakinsa yana motsi, kalmar ta ƙi fita.

"Yaya, ka ba ni hutun nan," na ce. "In na koma makaranta bai natsu ba, su zo."

"Ke da ko akuya ba ki taɓa kiwo ba?"

"Ka dai ba ni."

Wanda ya san ni ya san ba na iya zama wuri ɗaya. Ko a sujadar Lahadi a coci, in wa'azi ya yi tsawo ƙafata rawa take yi. Kuma ni malamar aji uku ce, murya ce kayan aikina. Washegari muka fito da kujerar Baba gindin mangwaro, na ɗauki kwanon dusa na nufi dokin kai tsaye, idona cikin nasa, ina yi masa irin maganar da nake yi wa yara masu surutu. Ya kwantar da kunnuwa baya, ya miƙe a kan ƙafa biyu. Na yar da kwanon, na bar takalmi ɗaya a wurin. Da na waiwaya sai na ga Baba yana dariya da rabin fuska. Tun da ya kwanta ba wanda ya ga haka.

Ya yafito ni. "Baya," in ji shi.

Na ja da baya. Ya girgiza kai. Na ƙara ja, ya ƙara girgizawa. Sai da ya karkata kafaɗarsa ta hagu, ya kau da ido gefe, na gane juya wa dokin baya yake so in yi.

Aka kifa mini turmi nesa kaɗan da inda igiyar ta tsaya. Aikina ke nan, in zauna a kaikaice, hannu a cinya, ba kallo, ba magana. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Ƙudaje suna bina, bayana yana ƙaiƙayi, ina tuna sakamakon jarrabawar da ban gama cikewa ba, ina lissafin kwanakin da suka rage. Minti biyar sai na duba waya. A rana ta uku Baba ya miƙo hannu, na ba shi wayar, ya tura ta ƙarƙashin cinyarsa.

Da yatsa ya koya mini sauran. Ya taɓa kunnensa, in saci kallon kunnen dokin: in ya kwanta baya, kada in motsa, in ɗaya ya juyo wajena, yana saurarona ne. Ya taɓa leɓensa: in dokin ya fara lasar baki yana tauna ba komai, hankalinsa ya fara kwanciya. A daidai wannan lokacin, da nake jin kamar in matsa, Baba sai ya yi mini alamar in tashi in tafi. Abin ya riƙa ba ni haushi. Daga baya na gane tafiyar tawa ita ce ladan dokin, yana koyon cewa in ya saki jiki ba abin da zai biyo baya.

A mako na uku ya bari na taɓa wuyansa. A nan na ga igiyar ta ci fatarsa har ta yi gyambo. Ban jira alamar Baba ba, na cafke ragamar da nufin in kwance. Ya juyo ya kama ni da haƙora a dantse, ya wurgar da ni gefe.

Mama ta fito da gudu, hannunta duk garin acca. "Ya isa haka. Babanki yana kwance, ke ma kina so ki kwanta? Wa zai ɗauki wa?"

Na je bayan rumbu na yi kukana, rabi don zafi, rabi don kunya. Da na dawo na durƙusa gaban Baba, ya daɗe yana kokawa da bakinsa.

"Sauri," ya ce. Laifina yake faɗa mini.

Muka koma kan turmi kamar ranar farko. Yaya yana bugo waya kusan kullum, Mama ta kai ni addu'a wajen zumuntar mata ta coci, abinci ya daina shiga mini. Kwana goma sha ɗaya dokin bai ko juyo mini da kunne ba. Sai wata safiya, ana yayyafi, ina tsaye na ba shi baya, na ji takun kofato ɗaya, sannan wani. Numfashi mai ɗumi ya sauka a ƙeyata. Duk jikina yana cewa in gudu. Na tsaya. Ya shinshina ɗankwalina, ya yi doguwar ajiyar zuciya. Bayan kwana biyu na kwance igiyar, na wanke gyambon da ruwan gishiri yana tsaye.

Asabar ɗin ƙarshe Yaya ya iso da mai sayen, mutumin ya sauko daga mota da igiya da sanda. Na roƙe su su tsaya a bakin ƙofa. Na cire ragamar gaba ɗaya, na juya, na fara tafiya. Ban san ko zai biyo ni ba, don ba mu taɓa gwadawa a gaban baƙi ba. Na yi taku biyar ban ji komai ba. A na shida na ji shi a bayana. In na tsaya ya tsaya, in na karkata ya karkata, har gindin mangwaro. A nan ya wuce ni, ya sauke kansa a ƙirjin Baba. Baba ya cusa hagunsa cikin gezar, ya rufe ido.

Yaya ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ga mutumin. "Oga, ka yi haƙuri, mun fasa."

Da mutumin ya tafi yana mita, Yaya ya tambaye ni wa zai kula da dokin in an koma makaranta. Gaskiyarsa ce. Haka na shiga zirga-zirgar mota duk Juma'a, Mama kuma a hankali ta koyi miƙa dusa a kaikaice. Baba ya ƙara shekara biyu. Bayan jana'iza muka ba wani tsohon abokinsa, Bafulatani daga wajen Gwantu, dokin. Ni ban taɓa hawansa ba ko sau ɗaya.

Har yau ban zama mai haƙuri ba, ɗalibaina shaida ne. Amma akwai abin da na lura da shi a kan turmin nan wanda ya dame ni. Yadda na tunkari dokin ranar farko, haka nake tunkarar Baba tun da ya kwanta. Ina tsaya masa a ka, ina ɗaga murya kamar kurma ne, in ya fara kalma in ƙarasa masa don mu wuce wurin. Sai na daina. Na riƙa jawo kujera gefensa, mu duka muna kallon dokin, in yi shiru. A haka ya ba ni labarin yadda ya fara ganin Mama a tashar jirgin ƙasa tana sayar da lemo, abin da ban taɓa ji ba. Labarin ya ci mana Asabar uku, kuma ban ƙarasa masa ko kalma ɗaya ba.