Ranar da Na Zauna a kan Tukunya

A shekarar da ɗana na fari ya nemi kujerar konseye, wato kansila, ni aka damƙa wa dahuwar mitin. Ba na kama sunansa, ba na duban ƙwayar idonsa a gaban jama'a, don haka muka iske iyayenmu suna yi da ɗan fari. Ku riƙe wannan, shi ne mafarin ƙunar da na sha.

Wadda take ja da shi wata malamar lekwal ce, wato makarantar boko, ɗiyar wata Buzuwa maƙwabciyarmu a Zango. Tana jaririya uwarta ta kwanta ciwo, na shayar da ita wata uku, ita a dama, shi a hagu.

To, ran mitin an kafa rumfa a ƙofar gida, 'yan kabu-kabu sun cika layi, na sauke dafa-duka a tukunyar da sai mutum huɗu ke ɗagawa. Sai na ji maroƙi ya tada waƙa: mace ta koma madafa, 'yar Buzu ta koma bayan raƙumi. Maza na tafi. Na leƙa, ga ɗana cikin babbar riga yana murmushi yana kaɗa kai.

Kiransa ba dama, tsawa ba dama. Sai na ninke buhu, na ɗora a kan murfin tukunyar, na yi bisimilla na zauna.

Ƙanwata ta zo da faranti. "Yaya, tashi, za ki dahu."

Na ce, "An ce mace ta koma madafa. Na koma."

Yunwa ta kai labari rumfa, ɗana kuma ya shigo a guje. "Inna, siyasa ce. Ba ni na yi waƙar ba."

Na juya ga bango. "Bango, na ga wani mai babbar riga yana kaɗa kai. Ko ƙuda ke damunsa?"

Ya koma ya karɓi mikoro, abin magana, ya ce in akwai wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. Ƙanwata ta ce, "To ai ya faɗa." Na gyara zama. Zafi fa ya ƙetare buhu, ya ƙetare zane, yana gaisuwa.

Ya sake cewa malama ƙanwarsa ce, nono ɗaya suka sha, a daina. Gumi na zuba, na ce, "Bango, da ban shayar da ita ba, sai a zage ta ke nan?"

Ƙanwata ta kai saƙo da gudu, don ta fara jin ƙaurin buhu. A karo na uku ya ce waƙar banza ce, ko a kan wa aka yi ta. Ya ce wanda zai zagi mace don tana mace, ko Buzu don yana Buzu, ya riƙe ƙuri'arsa. Sai na miƙe a hankali, kamar yadda ya dace da babba.

Wasu sun yi fushi sun tafi, amma sai da suka suɗe hannu. Maroƙin har ƙari ya nema.

Kwana uku ina kwance rub da ciki. Malama ce ta kawo man kaɗanya, tana shafa mini tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Inna, wa za ki zaɓa?"

Na ce, "Shafa can ƙasa, ɗiyata, nan ne hannun murfin ya zauna."