Mama Edith Kato, Mai Ciyar da 'Yan Gudun Tudun Wada

Kafin 'yan gudu su dawo daga atisayen safe, Mama Edith Kato ta riga ta dawo daga kasuwa. Kwandonta ba ya rasa zogale da tumatir da gyaɗa, sai gwaiba ko lemo, duk abin da lokaci ya kawo. Ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Ta fara dafa wa ƙungiyar gudu ta unguwa abinci tun sa'ad da ɗanta Evans yake cikinsu. Evans ya daɗe da barin gudu, yana aiki a Kaduna, ita kuwa ba ta sauke tukunya ba.

Duk wanda ya ci a zaurenta ya san maganarta. Takan ce horo mai tsanani yana bar wa jiki wata irin tsatsa a ciki, kuma bitamin da ke cikin ganye da 'ya'yan itace ne ke taimaka masa ya kawar da ita.

Wata shekara, gasar jiha ta ƙarato, Mujahid, wanda ya fi kowa gudu a ƙungiyar, ya fara ture kwano. Mura ta ƙi barinsa, ga ciwon cinya, ga ɓacin ciki. Mama Edith ta zaunar da shi.

"Ɗana, me kake sha?"

Ya fito da ƙwayoyin da ya saya a kemis. "Bitamin ne, Mama. An ce yana kashe gajiya, shi ya sa nake ninkawa."

Ta ce, "Yana da amfani ga wanda ya rasa shi. Idan ya yi yawa kuwa, yana iya hana jiki ɗaukar juriyar da horo ke koya masa. Abinci da barci kake bukata."

Da kanta ta raka shi asibiti. Likita ya ce sai ya huta. Mujahid ya roƙe ta ta rufa masa asiri har a gama gasa, ta ƙi. Ta samu mai horar da su, Malam Kailani, ta faɗa masa gaskiya, aka cire sunan Mujahid. Ya daina gaishe ta. 'Yan ƙungiya ma suka yi ta gunaguni cewa ta raba su da kofi. Duk da haka, kullum sai ta aika masa da kwanonsa har gidansu a Gyallesu.

Da shekara ta zagayo ya shiga gasar da lafiyarsa, ya zo na uku. Yau shi ke horar da ƙananan 'yan gudu, kuma ba ya barin kowa ya haɗiyi ƙwaya sai da shawarar likita.

Mama, ke ce kika yarda a yi fushi da ke don ɗan wani ya zauna lafiya. Uwar 'yan gudu, sunanki bai taɓa hawa kan kofi ba, amma ƙafafun da suka ɗauko shi a zaurenki suka yi ƙarfi.

A watan nan ciwon gwiwa ya sa Mama Edith ta miƙa ludayi ga Rauda, tsohuwar 'yar gudun da ta taso a hannunta. Mun gode, Mama, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya. Mu kuma da muke tafa wa yaranmu a fili, mu riƙa tambayarsu me suka ci kafin mu tambaye su na nawa suka zo.